Jirgin da Baffa Ya Gane

Ban san mahaifina ba. Ina goye aka tafi da shi soja, lokacin babban yaƙin Turawa na biyu, kuma abin da ya dawo gidanmu a Gaya, da ke ƙarƙashin mulkin Faransa a lokacin, shi ne wani gardi, ɗan sandan gwamnati, da ya tsaya a bakin zaure ya ce Allah ya yi masa rasuwa a Faransa. Babu hoto, babu kabarin da za a nuna mini, ko hularsa ba a kawo ba. Uwata ta gama takaba ta sake aure can Yelu, ni kuma aka bar ni a hannun kakata ta wajen uba. In na tambaye ta yaya yake, sai ta ce dogo ne, ba ya son hayaniya, ta ja bakinta ta tsuke. Da wannan ɗan guntun na girma, aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, har na fito na zama mushe, malamin makaranta ke nan, a garinmu.

'Ya'ya biyu soja ya ɗauke mata. Ɗan farinta aka fara tafiya da shi. Ba a jima ba dogaran sarkin kanto, wato hakiminmu, suka dawo suka ce mutane ba su cika ba, suka tasa ƙanen gaba, wato mahaifina. Babban kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ko mutuwa ko rai.

Bayan an samu mulkin kai da 'yan shekaru, da damina, na dawo daga aji na tarar da wani mutum zaune a zaurenmu, ya miƙe ƙafa kamar gidan ubansa. Ashe gidan ubansa ne, in ji shi. Ya ce shi ne wan mahaifina. Daga wajen Kamba, can tsallaken iyakar Najeriya, ya shigo, da akwatin ƙarfe ɗaya da tsohuwar laima. Askar fuskarsa irin ta gidanmu ce, ya san inda tsohuwar rijiya take kafin a cike ta, ya san sunan jakin kakana. Maƙwabta suka cika gida da salati da koke-koke. Ni dai na gaishe shi, na ce masa Baffa tunda haka aka ce in ce, amma raina bai kwanta ba. Aska, wane wanzami ne ba ya yi? Sunan jaki kuwa, ka zauna a tasha yini ɗaya da goro a aljihu, tsofaffin Gaya za su ba ka sunan jakunan gari kaf.

Kuma zamanin ba na yarda ba ne. Jandarma na yawan tare mutane a hanyar Najeriya da bakin gadar Malanbil, ana tambayar kowa daga ina, zuwa ina, wa ya san ka. Mutum ya ɓace shekara ashirin da wani abu, ya faɗo rana tsaka ya ce bayan yaƙi gadi ya yi ta yi a garuruwan kudu, kunya ta hana shi dawowa hannu wofi. Haba! Kunya ce ba ta ƙarewa?

Abin da ya fi tsaya mini a rai ita ce Kaka. Na san al'ada, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sakin jiki da shi a gaban mutane. Amma nata ya wuce na al'ada. Ta sa a ba shi ɗaki, ta sa a zuba masa tuwo, ba ta ƙara ba. In ya shigo tsakar gida sai ta sunkuyar da kai kan audugar da take kaɗi. Na ce a raina tsohuwar nan ma ba ta yarda da shi ba, nauyin baki ne kawai ya hana ta faɗa.

Sai dai mutumin ya zo da abin da ba wanda ya taɓa ba ni. Ya zo mini da mahaifina. Ya ce a Faransa suka haɗu, aka sa su ƙungiya ɗaya. Da la'asar in ya idar da salla sai ya zauna a gindin mangwaron gidanmu ya fara. Yadda mahaifina yake raba burodinsa biyu ya ba wani Bamosi da ba ya jin yaren kowa. Yadda ya koya wa wani Bature cin abinci da hannu. Yadda ya ga ƙanƙara tana zuba ya ɗauka gari ne ya tara hula. Ranar da ya ba ni labarin rasuwarsa, ya ce kansa na bisa cinyarsa, ya yi kalmar shahada tsaf, kuma kafin nan sai da ya ambace ni, ya ce a gaya wa yaron nan ya yi karatu. Na shiga ɗaki na yi kuka, ni ƙato da gemu ya fara fitowa. Ina son labaran nan su zama gaskiya fiye da yadda nake son komai a duniya. Shi ya sa nake tsoronsu. In yana magana na yarda, in na juya baya sai shakka ta dawo ta zauna mini a ƙirji.

Akwai wani tsohon soja a unguwarmu, kowa Sarsan yake ce masa, wato saja. Shi kam ba a tambaya, ya je Faransa, Jamus sun kama shi, ya dawo babu yatsun ƙafa uku da sanyi ya cinye, ga bakin da ba ya shiru. Kullum yana kan benci a ƙofar lakwal yana zagin yara da Faransancin bariki. Wata rana ya kira ni da sandarsa.

"Mushe, zo nan. Wanga baffan naka, a wace Faransa ya yi yaƙi?"

Na ce, "Faransa nawa ce, Sarsan?"

"Shi nike tambaya. Jiya a majalisa ya ce matsattsaku sun sha musu jini a ƙafa, har sai sun sa musu wutar taba. Matsattsaku! Mu sanyi ya kashe mu, ko kwaɗo ban gani ba. Na yi mashi Faransancin soja, ya dube ni kamar saniya. Mun kira shi taron tsofaffin soja, ya ce ciki na ciwo. Mutum ya ci wuyar Nasara ya ƙi zama da waɗanda suka ci ta tare da shi? Buɗe idonka, yaro."

Na ji kamar ya zuba mini ruwan zafi. Na so in ce masa tsohon banza, mi ya shafe ka, amma abin da ya faɗa shi ne abin da nake faɗa wa kaina.

Ana cikin haka motar silima ta gwamnati ta zo daga Yamai. Da magariba ta wuce aka kafa farin ƙyalle a filin lakwal, gari ya taru. Aka nuna na sauro da na wanke hannu, sannan mai silimar, wani Bazabarme mai son a yaba masa, ya sa wani tsohon faifai da Faransawa suka bari, na labaran yaƙi. Hoton duk ya ƙoƙe, zane-zane na sauka a kansa kamar ruwan sama. Jirage suka fito suna luguden wuta, yara suna ihu. Baffa bai zo ba, ya ce idonsa ba ya son haske. Sarsan kuwa ya matso ya daki ƙafata da sanda.

"Ga alƙali nan ya zo har gida," in ji shi. "Sojan ƙasa ko sunan kwamandansa ya manta, ba ya manta jirgin da ya nemi ransa. Kawo shi gaban wanga abu."

Allah ya sa motar ta lalace, sai an kawo wani ƙarfe daga Doso, aka ajiye kayan silimar a ajina. Ranar Alhamis ba lakwal. Na lallaɓi mai silimar da kifi busasshe da rake, ya yarda. Muka toshe tagogi da tabarmi da buhunan gero, aka tada inji a waje. Na je gida na ce wa Baffa ya zo ya taya ni duba ko mahaifina zai fito a cikin sojojin da ke hoton, tunda shi ya san fuskarsa. Ya daɗe yana neman takalminsa. Amma wannan roƙo ba ya ƙiyuwa, ya biyo ni.

Mu huɗu ne a ajin, zafi kamar tanda. Sarsan ya ce a kashe muryar Baturen da ke bayani, kada ya ba wani amsa. Aka bar mu da ƙarar injin da hoto.

Farko aka nuna hanya cike da mutane da amalanke suna gudu. Sai ga wani jirgi mai karyayyen fiffike, ƙafafunsa a waje kamar na shaho, ya kifa kai ya yo ƙasa. Na ga Sarsan ya dunƙule wuya cikin kafaɗu, shi da yake zaune a kan bencin yara a Gaya. Ya share gumi ya juya.

"To, abokin yaƙi. Mi muke ce ma wanga?"

Baffa ya ce, "Na Jamus ne."

"Ko jikata ta san na Jamus ne, ga gicciye nan. Mi yake yi in zai sauko? Wane sauti?"

Baffa ya ce an daɗe, ya ce hoton ba ya fita sosai. Sarsan ya yi wata dariya marar daɗi, ya ce wanda ya taɓa jin kukan jirgin nan ko a kabari aka tashe shi zai kwaikwaya. Na zo ne in kama maƙaryaci, na kama shi, sai na ji kamar ni aka kama. Burodin nan da aka raba biyu, hular da aka tara wa ƙanƙara, duk na ji suna zubewa.

Na ɗaga hannu zan ce a kashe, amma faifan ya riga ya wuce zuwa wani wuri. Duwatsu ne da kurmi mai duhu, da wani fili da aka share a tsakiya, duk caɓi. Wani ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya yana tsaye, mutane na tura shi. A gefensa da kan fiffikensa akwai zobe.

Sarsan ya buga sanda a ƙasa. "Yawwa! Ga namu. Ka ga zoben Faransa nan."

"Ba naku ba ne."

Baffa ne ya yi magana, da wata murya da ban san shi da ita ba. Ya miƙe tsaye, inuwar kansa ta rufe rabin hoton.

"Harikan ne, na Ingilishi. Dubi doronsa bayan mazaunin direba. Dubi bayan nan, ba ƙarfe ba ne, ƙyalle ne aka ja a kan katako, da hannuna na taɓa shi."

Sarsan ya ce zancen wofi, zobe ai zobe ne, shuɗi da fari da ja, kuma a hoton da ba launi wa zai raba na Faransa da na Ingilishi? Baffa ya ce a mayar baya. Mai silimar ya yi gunaguni ya mayar. Baffa ya je har jikin bango ya ɗora yatsa.

"Ƙirga. Naku kala uku ne. Wannan biyu ne, mai duhu a waje, mai haske a ciki. Babu ja. An goge jan ne da gangan, don na Japan jan ƙwallo ne a fiffike, kuma namu sun sha harbin namu saboda shi. In ka ga ja a sama ka faɗa rami, in ba ja ka ɗaga hannu. Wannan fili ma irinsa muka sare da adda, ruwa na dukanmu, matsattsaku na..."

Sai ya tsaya. Yatsansa na nan a bango, jirgin ya tashi ya bar shi.

Na duba da kyau kafin hoton ya wuce, kala biyu ne, ba ko tantama. Sarsan bai sake musu ba. Ya dube shi sama da ƙasa, ya ce a hankali, "Soja kam soja ne. Amma ba namu ba."

Na ce, "Baffa, ina ne wannan wuri?"

Ya ce, "Ƙasar Bama, inda muka yi da Japan."

"Sojan Faransa sun je Bama?"

"A'a."

"Mahaifina fa?"

Ya ɗaga tabarmar da ke bakin ƙofa ya fita, haske ya shigo ya kashe hoton.

Wallahi ban san lokacin da na iso gida ba. Kaina ya gama haɗa lissafinsa tun a hanya: wani tsohon sojan Ingilishi ne daga Najeriya, ya ji labarin gidan da ya rasa 'ya'ya biyu, ya zo ya samu ɗaki da tuwo da wawan mushe mai yi masa kuka. Na tarar da Kaka ita kaɗai a inuwar rumbu tana kaɗi. Ko sallama ban yi ba.

"Kaka, mutumin nan ba ɗanki ba ne! Bai taɓa taka Faransa ba. Sojan Ingilishi ne, yanzu ya tona kansa a gaban Sarsan. Yau zai bar gidan nan, ko in kira masa jandarma."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Rage murya, kana tara mana mutane."

"Su taru mana! Ƙarya yake ci da ita a gidan nan, ke kuma kin sani, na ga yadda kike kau da kai in ya shigo."

Ta ajiye mazarin a cikin ƙwarya. Ta ce in zauna. Na ƙi. Ta ce in zauna, da muryar da take yi mini ina yaro, na zauna a ƙasa.

"Nawa ne," ta ce. "Ni na haife shi. Kuma na san bai je Faransa ba, don ni na ce ya gudu."

Na ce, "Ke, Kaka?"

Ta ce ranar da za a tafi da shi tana ɗaura masa guzuri, ga shi tsaye, ba ta iya kiran sunansa, ba ta iya duban idonsa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa yi masa wata magana mai taushi ba, kunya ta hana. Sai ta yi kamar da ƙullin guzurin take magana. Ta ce wanda yake da dangin uwa a Kamba, in aka kai dajin giginya ai ya san hanya. Shi ke nan abin da ta faɗa. Ya ji, ya kuma yi. Can yunwa da rashin abin yi suka kai shi sojan Ingilishi, wannan kuma sai da ya dawo ta sani.

"Ban san za su dawo su ɗauki wani a madadinsa ba," ta ce. "Wallahi ban sani ba. Kakanka kaɗai dogarai suka gaya wa dalili a zaure, shi kuma ya mutu bai faɗa wa kowa ba, bai kuma sake cin tuwona da daɗi ba."

Na ce, "To labaran fa? Kina zaune yana shirga mini ƙarya a kan ubana, har da kalmar shahada, kika yi shiru?"

"Ya shigo ya tarar da kai, kamarku ɗaya da ƙanensa. Ka tambaye shi tun ranar farko ko ya ga ubanka. Mi zai ce maka? Ni kuma na ga kana ci kamar wanda ya kwana da yunwa, ban iya janye maka kwanon ba."

Haushi ya cika ni, na rasa wanda zan sauke wa. Shi da ya gudu yana saurayi don uwarsa ta ce ya gudu? Ita da ke gabana, ƙashi da fata? Na ce mata yanzu ba ni da komai ke nan, an ba ni uba an ƙwace. Na faɗa da ƙarfi, don ta ji zafi, kuma ta ji.

Sannan ta ce akwai abu ɗaya da ta sani na gaskiya, in ina so.

Na ce ina so.

"Ranar da na yi maganar nan ga ƙullin guzuri, ubanka na bayan danga yana ɗaure akuya. Ya ji ni. Da dogarai suka dawo ya san dalili sarai, tun kafin su buɗe baki. Kamba ba ta yi masa nisa ba shi ma, ya fi wansa sanin hanya. Amma in ya bi, kakanka za su ɗaure. Ya shiga ɗaki ya sa riga. Ya karɓe ka daga bayan uwarka ya ɗan riƙe ka, ya kawo ka ya ajiye mini a cinya. Bai ce mini kin kyauta ba, bai ce ban kyauta ba."

Na ce, "Bai faɗi komai ba? Ko kalma ɗaya?"

"Ya ce akuyar nan tana tsinke igiya, a riƙa dubawa."

Na tambaye ta ko ya waiwayo da suka kai bakin zaure. Ta ce ba ta sani ba, ita ce ta kasa ɗaga kai.